Gado Na Tara

Kuɗi na zo nema Jidda, ba zan ɓoye ba.
Na bar Wusasa da akwati ɗaya
da lissafi a bayan ambulan:
bulo dubu biyu, kwano bandir shida,
kuɗin makarantar Barnaba,
abin da ya rage in tara.

Mama ta riƙe ni a tasha, ta ce,
"Liyatu, ki buɗe kunne, Ubangiji na kira."
Na ce to. Amma agogo kaɗai nake ji:
bakwai na yamma, farar riga,
ma'aunin zafi, auduga, allura.

Nan babu ƙararrawar Lahadi,
Lahadin ma ranar aiki ce.
Ran Juma'a muke tura ƙofa,
mu huɗu a ɗakin Marisel 'yar Filifin,
mu yi addu'a ƙasa-ƙasa kamar masu gulma,
gurasa guda a faranti, kowa ta gutsura.

Shekara uku ina tambaya a durƙushe:
me ka aiko ni yi?
Na zaci sai da tsawa, ko mafarki,
ko wata babbar ishara.
Shiru. Sai iskar Bahar Maliya
tana lasar tagar da ba a buɗewa.
Na cika takardar barin aiki,
sa hannu kaɗai ya yi saura.

A daren aka kawo wata tsohuwa daga Karantina,
ƙashi da fata, zane ɗaya, ba ɗan rakiya.
Likita ya yi Larabci, ya yi Turanci,
ta juya fuska bango.
Aka rubuta: ba ta magana. Gado na tara.

Ina gyara matashi na ji ta ce,
"Wayyo Inna, ƙafata."
Na ce, "Sannu, Iya. Wace ƙafar?"
Ta cafke hannuna
kamar wanda kogi ya ci ya samu gora.

Tasalla sunanta, mutuniyar Ɗambatta.
Shekara hamsin rabonta da gida.
Larabcin da ta koya ciwo ya kwashe,
harshen goyo kaɗai ya bar mata.
Ta ce, "'Yar wa?" Na faɗa.
Ta ce, "Kirista?" Na ce e.
Ta daɗe tana kallona.
"To. Hannunki da sanyi. Ki ƙara."

Na kawo ruwa a roba na wanke ƙafar,
faso kamar fadama da rani.
Ina tsugune na tuna Wanda ya tsuguna
da tawul a ƙugu gaban ƙafafun abokansa.
Ban ji murya ba. Ban ga haske ba.
Ruwan ne dai ya yi nauyi a tafina,
na gane tun tuni ni ake jira.

Kwana goma sha ɗaya muka yi.
Ta ce in juya mata gadon alƙibla, na juya.
Tana jan carbinta, ina tawa a zuci,
babu wadda ta takura.
Na dama mata garin gero da yogot ɗin kanti,
ta kurɓa, ta yamutsa fuska:
"Ƙarya ce, amma ta yi kama da fura."

Ran da ta cika ni na rufe mata ido,
na nemo matan unguwarsu suka yi mata sutura.

Takardar tana nan a jaka, ban yaga ba.
Ginin Wusasa ya tsaya a linta,
rabin albashin ya bi sabulu da zannuwa,
Barnaba na ganin asara.
Yanzu duk wanda ya juya fuska bango,
na Damagaram, na Chadi,
har wanda ba mu haɗa harshe ba,
sai a ce, nemo Liyatu.

Mama, ban yi wa kowa wa'azi ba.
Roba nake ɗauka, da tawul.
Ban sani ba ko wannan ma bishara.
Ga wani can ya danna ƙararrawa,
bari in je, ana kira.